Yadda Ake Karanta Tarihin Unguwa Daga Tsingaro da Tsohuwar Tukunya: Jagora Ga Mazauna Legas

Duk wanda ya san aikin haƙa a Legas ya san cewa sau da yawa hannun ɗan Arewa ne yake fara taɓa abin da ke binne a ƙarƙashin garin nan. 'Yan'uwanmu ne suke haƙa rijiyoyi, su ne suke yanka harsashin gini da ramin masai da magudanar ruwa, tun daga Isale Eko har zuwa Ikorodu, daga Agege zuwa Badagry. A cikin wannan aiki diga takan ci karo da fasasshiyar tukunya, ko tsingaro mai zane a jikinsa, ko guntun farantin tangaran, kuma abin da aka saba shi ne a watsa su cikin baro a tafi da su juji. Wannan asara ce babba, domin itace yana ruɓewa a ƙasar Legas mai damshi, tufa tana narkewa, ƙarfe yana cin tsatsa, amma yumɓun da ya sha wuta yana iya shekara dubbai bai sauya kama ba. Na rubuta wannan jagora ne domin mai haƙa, da mai kula da aikin gini, da malamin makaranta, da kuma matar da ta gaji randa ko jeren tangaran daga kakarta, su san yadda za su bi da waɗannan kayayyaki har su fitar da labari daga cikinsu.

Mataki na farko: kada ka ɗaga komai sai ka rubuta inda yake

Wannan mataki ya fi dukkan sauran muhimmanci, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. Darajar tsohuwar tukunya a wurin masu binciken tarihi tana cikin wurin da aka same ta, da zurfinta, da abubuwan da suke kwance kusa da ita. Da zarar an cire ta an kai gida ba tare da an adana wannan bayani ba, mafi yawan abin da za ta iya faɗa ya tafi, kuma babu wani gwaji da zai dawo da shi.

Saboda haka idan ka ga alamar tukunya ko tarin tsingaro, ka ajiye diga, ka ɗauki wayarka. Ka ɗauki hoto daga nesa yadda za a ga ramin da ginin da ke kusa da shi, sannan ka matso ka ɗauki na kusa, ka ajiye tef ɗin awo ko biro a gefen abin domin a gane girmansa. Ka auna zurfi daga saman ƙasa zuwa inda yake. Ka aika wa kanka alamar wurin ta WhatsApp ko ka adana ta a Google Maps, ka kuma rubuta sunan titi da kwanan wata. Bayan haka ka dubi bangon ramin da kyau, za ka ga ƙasa ta jeru hawa-hawa, wani baƙi, wani ja, wani farin yashi. Ƙa'idar ita ce abin da ke ƙasa ya girmi abin da ke sama, muddin ba a taɓa tona wurin an mayar ba. Ka rubuta a wane hawa abin yake, da ko akwai gawayi, toka, ƙashi, wuri irin na kuɗin da, tsakiyar ado ko ɓawon kifin ruwa tare da shi.

A Legas akwai wata matsala ta musamman da ya kamata a yi hattara da ita, wato ciko. Tun zamanin Gwamna MacGregor a farkon ƙarni na 20 ake cike fadamun tsibirin Ikko, kuma manyan sassa na Victoria Island da Lekki da bakin gaɓar tsibirin duk yashin da aka yaso daga wani wuri ne aka zuba. Tsingaron da aka samu cikin ciko bai ba da labarin wurin da aka same shi ba, domin tifa ce ta kawo shi. Alamar ciko ita ce yashi iri ɗaya mai kauri wanda babu hawa a cikinsa, ko kuma gaurayen ɓaraguzan bulo da leda da kwalba. Idan ka ratsa wannan ka isa baƙar ƙasa mai toka da gawayi, to a nan ne ka taka daɓen mutanen da.

Wasu sukan fasa tukunyar da aka samu a rufe, suna zaton akwai zinariya ko kuɗi a ciki. Abin da galibi ake samu shi ne ƙasa, kuma ƙasar nan ta ciki tana da amfani ga masu bincike fiye da yadda ake tsammani, don haka a bar ta yadda take. Haka nan idan aka ga ƙasusuwan mutum tare da tukwane, aiki ya tsaya nan take, a sanar da mai fili da hukuma. Idan kuma tukunyar tana gindin bishiya ko a kusurwar wani gida da alamar ana zuwa wurinta, to kayan ibadar maƙwabta ne, ba a taɓa su, zaman lafiya da mutunci sun hana.

Mataki na biyu: ɗauka da tsaftacewa

Ba a ɗaukar tsohuwar tukunya ta baki ko ta hannu, ana tallabo ta ne daga gindi da hannu biyu. Abin da aka samu a wuri ɗaya da zurfi ɗaya ya shiga jaka ɗaya da takardarsa, kada a gauraya na sama da na ƙasa. A bar su su bushe a inuwa sannu a hankali, domin rana mai zafi tana tsattsaga yumɓun da ya daɗe cikin laima. Ƙasar da ke kusa da teku tana da gishiri, kuma idan gishirin ya bushe a cikin jikin tukunya yakan fito kamar farin gari yana ɓamɓare fatarta. Idan ka ga haka kada ka kankare, ka kai wa masu gyaran kayan tarihi. Tangaran mai santsi ana iya wanke shi da ruwa zalla da tsohon buroshin haƙori, amma tukunyar ƙasa buroshi busasshe mai laushi ya ishe ta. Kada a sa omo, kada a shafa mai ko fenti, kada kuma a liƙa fasassun da gam mai kamawa nan take, saboda masu gyara suna amfani ne da irin gam ɗin da za a iya narkarwa daga baya, kamar Paraloid B-72.

Cikin tukunya kuwa a ƙyale shi gaba ɗaya, har da ƙanzon da ya manne da baƙin hayaƙin gindi. Yumɓu yana shan maiƙon abin da aka dafa a ciki ya riƙe shi. A 2021 masana daga jami'o'in Bristol da Frankfurt sun bayyana cewa sun gano kakin zuma a jikin tsingaron tsohuwar al'ummar Nok, wanda ya nuna mutanen yankin kudancin Kaduna suna ɗiban zuma tun kimanin shekara 3,500 da suka wuce. Da wani ya wanke waɗannan tsingaro da sabulu, da ba a san wannan ba.

Mataki na uku: rarrabe na gida da na waje

Ka shimfiɗa abin da ka samu a kan tabarma ko takarda, ka kasa shi gida uku. Kashi na farko shi ne ginin hannu na gargajiya: jikinsa ja ne ko ruwan ƙasa ko baƙi, yana shan ruwa idan an ɗiga masa, ba shi da rufin gilashi, kuma idan ka dubi bakin karayar sau da yawa za ka ga baƙin layi a tsakiya, alamar an gasa shi ne a fili da itace da ciyawa, wutar ba ta ratsa shi duka ba. Kashi na biyu shi ne tangaran, wanda iyayenmu suke kira faɗi-ka-mutu, mai farin jiki da santsi. Kashi na uku shi ne kwalaben yumɓu masu tauri kamar dutse, masu launin toka ko ruwan ƙasa, waɗanda Turawa suke zubo barasa da ruwan sha da tawada a ciki.

Maginan gargajiya na ƙasar nan ba sa amfani da faifai mai juyawa, kuma ba sa rufa tukunya da ruwan gilashi. Don haka idan ka ga siraran layuka masu zagaye daidai wa daida a cikin kwano, ko ka ga ƙyallin gilashi a jikinsa, to ko dai daga waje aka shigo da shi, ko kuma aikin zamanin baya-bayan nan ne, irin wanda ya bunƙasa bayan Michael Cardew ya buɗe makarantar ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a farkon shekarun 1950. A can ne Ladi Kwali, wadda hotonta yake bayan takardar naira 20, ta shiga a 1954, ta haɗa zanen Gwari na gado da sabuwar hanyar gashi.

Mataki na huɗu: karanta siffa da zane

Tsingaron baki ya fi na ciki amfani, domin daga lanƙwasarsa ake gane faɗin bakin tukunyar da irinta. Ka zana da'irori masu girma daban-daban a takarda, ka riƙa ɗora bakin a kansu har ka samu wadda ta dace. Ƙaramin baki da dogon wuya tulu ne ko shantali, babban baki da kaurin jiki randa ce ko kwatarniya, mai huje-huje a gindi madambaci ne ko abin ƙyafe nama da kifi, mai gurabu kuwa tanda ce. Idan za ka tambayi dattijan Yarabawa na unguwa, sunayen da za ka ji su ne ikoko ga tukunya, amu ga randar ruwa, isaasun ga tukunyar miya, da agbada ga faffaɗan kaskon suyar garin rogo. Yawan kowane iri yana nuna abin da ake yi a wurin. Inda randuna suka yi yawa ana adana ruwa ne ko rini, inda manyan kasake masu ƙonannen gindi suka taru a bakin gaɓa ana iya tunanin dafa gishiri, sana'ar da aka san mutanen gaɓar Badagry da ita tun da daɗewa.

Zanen jiki shi ne ya fi taimakawa wajen ƙiyasta zamani. Magina sukan mirgina murɗaɗɗiyar igiya ko sassaƙaƙƙen itace a kan ɗanyen yumɓu, wasu kuma su danna haƙoran mashaci ko gefen ɓawon kifi. Akwai kuma masu mirgina totuwar masara, kuma wannan alama ce mai ƙarfi, domin masara daga nahiyar Amurka ta zo, ba ta iso Afirka ba sai bayan shekara ta 1500. Tukunyar da take ɗauke da sawun totuwar masara ta gaskiya ba za ta girmi ƙarni na 16 ba. Sai dai a yi a hankali, saboda sawun saƙaƙƙiyar igiya yana kama da nata ƙwarai, har masana ma sun taɓa saɓani a kan haka. Lofe ma haka yake: taba ta bazu a Afirka ta Yamma ne wajen shekara ta 1600, don haka hawan ƙasar da aka samu tukunyar taba a cikinsa ba zai wuce shekara ɗari huɗu da ɗoriya ba.

Ka kuma dubi abin da aka gauraya da yumɓun. Wasu magina suna sa yashi, wasu niƙaƙƙen tsohon tsingaro, wasu a Arewa suna sa ƙaiƙayi ko kashin jaki, wanda yake ƙonewa ya bar ƙananan ramuka a jiki. Idan tsingaro ɗaya ya bambanta da sauran a yumɓu da zane, akwai yiwuwar fatauci ne ya kawo shi. Tukwanen matan Ilorin, misali, sun daɗe suna shiga kasuwannin ƙasar Yarabawa, kuma bayan jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano a 1912 kaya masu nauyi da saurin fashewa sun samu hanyar tafiya mai nisa fiye da zamanin jakai.

Mataki na biyar: juya farantin ka karanta tambarinsa

Tangaran na waje ya fi sauƙin sanya wa shekara, kuma Legas, da yake tashar jiragen ruwa ce, cike take da shi, musamman a tsofaffin unguwannin tsibiri irin su Olowogbowo, inda Saro da suka dawo daga Saliyo suka zauna, da Popo Aguda, unguwar waɗanda suka dawo daga Barazil. Idan ka ga tambari mai kusurwa huɗu a tsaye kan tsini, da haruffa da lambobi a kusurwoyinsa, wannan shaidar rajistar Ingila ce da aka yi amfani da ita daga 1842 zuwa 1883. Daga 1884 aka koma rubuta "Rd No" da lamba. Kalmar "England" ita kaɗai a ƙarƙashin tambari galibi tana nuna bayan 1891, lokacin da dokar Amurka ta tilasta a rubuta ƙasar da aka ƙera kaya, "Made in England" kuwa yawanci na ƙarni na 20 ne. A kayan Japan, "Nippon" yana nuna tsakanin 1891 da 1921, "Occupied Japan" kuma shekarun da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu har zuwa 1952. Sunan Petrus Regout na garin Maastricht a Holan yana daga cikin waɗanda ake gani a kwanukan da aka ƙera domin kasuwannin Afirka da Asiya.

Abin lura a nan shi ne tambari yana ba da lokacin ƙira ne kawai. Faranti yana iya shekara hamsin a jeren ɗaki kafin ya faɗi ya fashe, don haka abin da za ka iya cewa shi ne wannan hawan ƙasa bai girmi shekarar tambarin ba. A cikin kowane hawa, abu mafi ƙarancin shekaru shi ne yake yanke hukunci.

Mataki na shida: je wurin tsofaffi tun suna nan

A ganina wannan ne ɓangaren da ya fi shafar mu Hausawan Legas. Zamanmu a garin nan ya daɗe. A 1863 Baturen mulki John Glover ya kafa rundunar Hausawa a nan Legas, Obalende ta samu mazaunanta daga sojojin Arewa da iyalansu, Agege kuma ta cika da fataken goro da dillalan shanu. Duk da haka abin da aka rubuta game da rayuwar cikin gida ta waɗannan mutane kaɗan ne, musamman ta mata. Abin da ya rage na wannan rayuwa yana ƙarƙashin gadon Hajiya, ko a bayan kabad, ko a kusurwar tsakar gida inda aka kife tsohuwar randa bayan firji da kula sun karɓe mata aiki.

Ka je da ladabi, ka gaisa sosai, ka nemi izini kafin ka kunna rikoda. Tambayoyin su kasance a kan abin da kansa: "Inna, wannan randar daga ina aka zo da ita? A kayan ɗakinki take ko kin gaje ta? Wane sarki ne yake mulki lokacin, kuma a jirgi aka kawo ta ko a mota?" Tsohuwar da ba za ta iya faɗa maka shekara ba za ta gaya maka cewa an sayi kaskon turaren ne kafin yaƙin basasa, ko kafin a canja fam zuwa naira a 1973, kuma wannan ya isa ma'auni. Ka rubuta amsar da kalmominta, ka haɗa da hoton abin, ka ba wa fiye da mutum ɗaya a cikin iyali kwafi. Idan labarin baka ya saɓa wa tambari, ka rubuta duka biyun yadda suke, domin yakan faru cewa an maye gurbin farantin da ya fashe da wani sabo, labarin tsohon kuma ya koma kansa.

Mataki na bakwai: kwatanta, sannan ka sanar

Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan, wanda Kenneth Murray ya kafa a 1957, shi ne wurin da ya fi kusa da za ka kwatanta abin da ka samu da kayan da aka riga aka tantance, kuma yana adana da sassaƙen yumɓu na Nok da na Ife. Labarin Nok kansa ya fara ne da masu haƙa: ma'aikatan kuza ne suka tono na farko a 1928, kuma sassaƙen kan mutum na garin Jama'a da ya shahara an ce a gona aka kafa shi yana korar tsuntsaye kafin ya kai hannun masanin kufai Bernard Fagg a 1943. Kayan Igbo-Ukwu na ƙarni na 9 ma wani mutum ne ya ci karo da su yana haƙa ramin tara ruwa a gidansa. Domin bincike mai zurfi akwai sashen ilmin kufai a Jami'ar Ibadan da kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Su ne suke iya tura gawayi ko ƙashi a yi musu awon kabon domin sanin shekarunsu, ko a gwada tsingaron da kansa a ƙiyasta lokacin da ya sha wuta. Wannan ne dalilin da ya sa ake tsinke gawayin da cokali mai tsabta, a naɗe shi daban, ba a taɓa shi da hannu ba.

Doka ma tana da magana. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta ɗauki abin da aka tono na mutanen da, da kuma aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918, a matsayin kayan tarihi. Ta hana saye da sayar da su sai ta hannun wakilin da hukuma ta amince da shi, ta hana fitar da su waje ba tare da takardar izini ba, ta kuma hana haƙa da niyyar neman su ba da izini ba. Wannan jagora ta shafi abin da aka ci karo da shi ne a bakin aiki, ba ta ba kowa damar ɗaukar diga ya tafi farautar kufai ba. Idan dillali ya zo yana tayin kuɗi, a tuna da abin da ya faru a shekarun 1990, lokacin da aka yashe kufai masu yawa a ƙasashen Nok da Katsina da Sakkwato, aka kwashe sassaƙensu zuwa Turai, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan da ake gargaɗin kada a saya a 2000. Yawancinsu har yau ba a san daga wane rami suka fito ba, saboda haka tarihin garuruwan da suka ƙera su ya tafi tare da su.

Wasu daga cikinmu sukan ji nauyin ajiye abu mai siffar mutum ko dabba a gida saboda addini, har su yi niyyar farfasa shi. Mafita mai sauƙi ita ce a naɗe shi a tsumma mai tsabta, a sa a kwali, a miƙa wa gidan tarihi. A lokacin miƙawa a tafi da hotunan wurin da bayanin zurfi da kwanan wata, a nemi a rubuta sunan unguwar da aka samo shi a cikin rajista, sannan a karɓi takardar shaidar karɓa mai sa hannun jami'in da ya amsa.